Darasin Tarbiyya: Idan Halin Agola Ya Fara Gagara, Ina Za a Nufa?

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi wani yaro ne da kowa ya sani, amma ba a cika zama a yi maganarsa cikin natsuwa ba. Shi ne yaron da yake zaune tare da mijin uwarsa ko matar ubansa, kuma halinsa ya fara damun mutanen gida: ba ya jin magana, ga faɗa, ga ƙarya, wani lokaci har da ɗauke-ɗauke da gudun makaranta. Da wuya a sami ajin da babu yaro ko yarinya mai irin wannan zama, don haka maganar ba ta nesa ba ce.

Mu fara da sunaye, domin Bahaushe ya bambanta su. Agola shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon mijinta daga aurenta na baya. Wanda yake gidan ubansa amma uwarsa ta fita ko ta rasu, yana hannun matar uba ne, ita kuma a wurinta ɗan miji ne. Ɗan riƙo daban yake, shi ba da shi aka yi ga gwaggo ko kawu ko kaka. A nan za mu riƙa cewa agola don sauƙin magana, amma abin da za a faɗa ya haɗa har da ɗan miji. Abin takaici, kalmar kanta ta zama ta gori a bakin wasu ɗalibai, kuma wannan gorin yana cikin abin da ke ƙara dagula lamarin.

Ruwa ba ya tsami banza

Kafin yaro ya zama agola, sai da ya yi rashi. Ko dai mutuwa ta ɗauke masa uwa ko uba, ko kuma aure ya mutu. Ranar da manya ke murnar sabon aure, a wurin yaron ita ce ranar da ya tabbatar iyayensa ba za su koma tare ba. Sau da yawa ba iyaye kaɗai ya rasa ba. Ya bar unguwarsu, ya bar abokan wasansa, ya bar makarantar allonsu. Wanda jiya shi ne babba a ɗakin uwarsa, yau ya tarar da yayye uku a gabansa. Wadda take auta ta wayi gari ita ce mai rainon jariri. Dokokin gida ma sun canza: a can ana barin sa ya fita bayan magariba, a nan laifi ne babba. Babu wanda ya tambaye shi ra'ayinsa, kuma babu wanda ya zauna ya yi masa bayani.

Akwai kuma wani abu da ke cin yaron a ciki wanda manya ba su cika lura da shi ba. Idan ya ji zuciyarsa ta fara kwanciya da matar ubansa, sai ya ga kamar ya ci amanar mahaifiyarsa. Saboda haka wani yaron, ranar da aka fi kyautata masa ita ce ranar da zai fi yin rashin kunya. Dangi ma suna ƙara wa wutar fetur. Da ya je hutu wajen dangin uwa sai a tsare shi da tambaya: me ta ba ka ka ci, wa ke yi maka wanki, ta taɓa dukan ka? Ya dawo kuma a nan ma a tambaye shi me aka ce a can. Yaro ɗan shekara 10 ya zama ɗan rahoto tsakanin gida biyu. Mu tuna kuma da tatsuniyoyin da muka taso da su, irin na 'yar bora da 'yar mowa, inda kishiyar uwa kullum ita ce muguwa. Yaro yakan shiga gidan da wannan hoton a ransa, ita ma matar ta shigo an riga an gaya mata cewa ɗan miji ba ya godiya. Tun ba su gaisa ba kowa ya ja daga.

Masu karatun fiƙihu a cikinmu sun san cewa a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, riƙon yaro bayan rabuwar aure haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin yakan koma ga kaka ta wajen uwa. Amma ci da sha da sutura suna nan a wuyan uba duk inda yaron yake. Inda aka yi watsi da wannan, sai mijin uwa ya ga an ɗora masa nauyin da ba nasa ba, a yi ta ƙorafin kuɗin makaranta da na magani a tsakar gida. Yaro kuwa kunne gare shi. Wanda yake jin ana lissafin lomarsa ba zai zama mai sauƙin hali ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa duk agola lalacewa zai yi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, Mavis Hetherington, ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30. Ta gano cewa cikin yaran da auren iyayensu ya mutu, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne suka gamu da matsala mai tsanani, alhali a gidajen da ba a rabu ba kashi 10 ne. Ma'ana haɗarin ya ninka, amma kuma wajen kashi 75 zuwa 80 sun tashi lafiya lau. Binciken ya kuma nuna cewa yaran da ke bakin balaga su suka fi shan wahalar karɓar sabon uba ko sabuwar uwa, kuma sabon gida yana ɗaukar shekaru kafin ya daidaita, ba watanni ba. Zaman Amurka ba irin namu ba ne, ba su da kishiyoyi a gida ɗaya, dangi ma ba su kewaye su kamar mu ba. Duk da haka maganar shekarun ta zo daidai da mu, domin wannan shi ne lokacin da yaro yake ƙaramar sakandare.

Yadda gida ke koya wa yaro taurin kai ba da sani ba

Wannan ɓangaren shi ya fi cancantar a karanta sau biyu. Wani masani mai suna Gerald Patterson, a jihar Oregon ta Amurka, ya daɗe yana lura da yadda iyaye da yara masu wuyar hali suke mu'amala a cikin gidajensu, har ya gano wani zagaye da ke maimaita kansa. Bari mu kwatanta shi da gidan Bahaushe.

Matar uba ta ce wa yaro ya je ya ɗebo ruwa. Ya yi kamar bai ji ba. Ta ɗaga murya. Ya hau ƙunƙuni, ya buga ƙofa, ya ce ai ba ita ta haife shi ba. Ita kuma, don gudun kada maƙwabta su ce tana azabtar da ɗan miji, sai ta ƙyale shi ta aiki 'yarta. Me yaron ya koya? Ya koyi cewa tayar da hankali yana kuɓutar da shi daga aiki. Gobe zai fara daga inda ya tsaya, ya ma ƙara. Ana nan wata rana haƙurinta ya ƙare, ta ɗauko bulala, sai ga shi ya ɗauki bokiti da gudu. Ita kuma me ta koya? Ta koyi cewa ba ya ji sai da duka. To kun ga kowannensu ya koya wa ɗan'uwansa cewa wanda ya fi zafi shi ke cin nasara. Bayan shekara guda gidan ya zama fagen fama, kuma yaron ya kwaso wannan darasin ya kawo shi aji, yana gwada shi a kan monita da malamai.

Hanyar karya wannan zagayen ba ta da ban mamaki, wahalarta ita ce dagewa. A rage dokoki su zama kaɗan, uku ko huɗu waɗanda kowa a gidan ya sani, kuma su hau kan duk yaran gidan ba agola kaɗai ba. A ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gajarce, ana kallon idon yaron, ba a ƙwalo masa daga ɗakin girki ba. Idan ya ƙi, a yi masa hukunci ƙarami wanda aka riga aka sanar da shi, kamar hana shi fita ƙwallo a yammacin nan, kuma a cika shi ba tare da zagi ba. Ƙaramin hukuncin da ba ya fashi ya fi babban da sai ran da aka fusata. Sannan abin da ya fi wuya ga wanda ransa ya ɓaci: a nemi abin kirkin da yaron ya yi a yaba masa a take, a kuma faɗi abin da ya yi ɗin. "Na ga ka raka ƙaninka makaranta ba a ce maka ba, Allah ya yi maka albarka." Yaron da ba a kula shi sai ya yi laifi, laifin zai riƙa yi don a kula shi. A sani kuma cewa a kwanakin farko halin yakan ƙara tsananta, domin yaron yana gwadawa ya ga ko da gaske ake. Nan ne mafi yawan mutane suke sarewa.

Wa ya kamata ya riƙe hukunci? Masu bincike a wannan fanni sun fi karkata ga cewa a farkon zama, wanda ya haifi yaron shi ya dace ya tsaya a kan horo, shi kuma mijin uwa ko matar uba su fara da gina shaƙuwa. A ganinmu nan ne gidaje da yawa suke samun tangarɗa. Uba ya fita kasuwa tun da asuba, bai dawo ba sai bayan isha'i, ya bar matarsa ta zama ita ce ɗan sanda, ita ce alƙali. Da ya dawo sai ya yanke hukunci a kan rahoton da ya fara shiga kunnensa. Ana yawan zargin matar uba, amma sau da yawa kujerar uban ce babu kowa a kai. Minti 15 kullum da zai zauna da ɗansa su biyu, ba faɗa ba wa'azi, yana rage rigima fiye da yadda ake zato.

Muna da abin koyi a tarihi. Manzon Allah (SAW) ya riƙi 'ya'yan Ummu Salama bayan ya aure ta a shekara ta 4 bayan hijira, lokacin da mijinta Abu Salama ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Uhudu. Ɗanta Umar ya ba da labarin cewa yana yaro hannunsa yakan yi ta yawo a cikin akushi in ana cin abinci. Ba a kore shi daga kan abincin ba, ba a kuma yi masa gorin uba ba. Manzon Allah (SAW) ya kira shi, ya koya masa ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa. Umar ya ce haka ya ci gaba da cin abinci daga ranar. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. A lura, a akushi ɗaya suke ci.

Lokacin da abin ya wuce gyaran gida

Ba kowane rashin ji ne rashin tarbiyya ba. Yaron da kunnensa ke da matsala za a ce yana raina mutane. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi bai san abin da ake ciki ba, malami ya ce ba ya mai da hankali. Akwai lalurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda ke samun kimanin yara 5 cikin 100, kuma ana iya taimaka wa mai ita. Ciwon damuwa a wurin yaro sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da saurin fushi yake zuwa. Fitsarin kwance kuwa ba da gangan ake yin sa ba. Idan yaro ya daɗe da dainawa sannan ya dawo yana yi, alama ce ta tashin hankali a zuciya ko wata cuta kamar ta mafitsara ko ciwon suga, kuma ɗora masa tabarma a ka ana yi masa waƙa ba ya maganin ko ɗaya. Mai satar abinci, a fara tambaya ko yana ƙoshi.

Alamomin da ke nuna lokacin neman taimako ya yi su ne idan halin ya ɗauki watanni bai sauka ba, idan ana ganin sa a gida da makaranta da Islamiyya gaba ɗaya, ko karatun yaron ya faɗi warwas. Wasu kuma ba sa jiran gobe: yaro ya fara cutar da ƙannensa ko dabbobi da mugunta, yana wasa da wuta, yana kwana a waje, an ga alamar sholisho ko wiwi ko ƙwaya, ko ya ji wa kansa ciwo, ko ya furta cewa gara ya mutu. Wannan maganar ta ƙarshe ba a ɗaukar ta wasa ko da cikin fushi aka faɗe ta. A ranar za a kai shi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Kafin a je ko'ina, yana da kyau a sami ɗan littafi a yi mako biyu ana rubuta abu uku: me ya faru kafin yaron ya tayar da rigima, me ya yi, kuma me aka yi masa bayan nan. Sau da yawa littafin da kansa yake tona asirin matsalar. Sai a ga ashe duk ran da ya dawo daga gidan mahaifiyarsa ne, ko duk ran da ake darasin karatu a bayyane saboda bai iya ba yana jin kunya. Malami ko likita zai fi amfana da wannan fiye da a ce masa kawai yaron nan ya gagara.

Taimako na farko yana cikin dangi. A nemi babba ɗaya da yaron yake jin nauyinsa kuma yake sakin jiki da shi, kaka ko kawu ko gwaggo, wanda ba shi da ɓangare a rigimar. Idan iyayen biyu suna raye, dole su yi magana da juna a kan yaron ko ta hannun wakili ne, don doka ta zama ɗaya a gida biyu. Daga nan sai makaranta. Malamin aji yana ganin yaron awa shida a rana, ya san abokansa, ya san ranakun da ba ya zuwa. Malamin ba da shawara kuma aikinsa ke nan. Muna roƙon iyaye su daina jira sai an aika musu takardar kora kafin su tako makaranta, kuma matar uba ko mijin uwa da suka zo neman shawara a karɓe su da mutunci, domin zuwan nasu alamar kulawa ce.

Idan ana zargin lalura, a fara da asibiti mafi kusa, a duba kunne da ido da lafiyar jiki, su kuma su tura gaba in da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke kula da wannan fanni. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, kuma ba kowa ake ba magani ba, wani zama ne kawai za a riƙa yi da shi da iyayensa. Idan shaye-shaye ne, hukumar NDLEA ba kame kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara. Rigimar riƙo ko ta ciyarwa kuwa akan kai ta wurin mai unguwa ko limami, ko ofishin Hisba a jihohin da suke da ita, ko sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, in ta ƙi sulhu a je kotu. Masu cewa jifa aka yi wa yaron ko iska ce ta taɓa shi, ba mu hana kowa addu'a ba, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma zargin matar uba da asiri ba tare da hujja ba ya rusa gidaje da yawa.

Wuri ɗaya ne za mu ja kunne a kansa da babbar murya, wato gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. A watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu hali. Yaron da tun farko yake ganin ba a son sa a gida, in aka kai shi aka ɗaure, an tabbatar masa da zarginsa ke nan.

Saura namu ɓangaren, mu ɗalibai. Wani lokaci wuyar halin yaro ƙara ce yake kaiwa a kan abin da ake yi masa: duka mai barin tabo, horon yunwa, aikin da ya fi ƙarfinsa, ko taɓa jikin da bai halatta ba, kuma wannan yana faruwa ga maza da mata. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta haramta cin zarafin yaro, jihohi kuma suna da nasu dokokin. Idan abokinka ya gaya maka irin wannan, kada ka yi masa alƙawarin rufe baki, kada kuma ka baza shi a aji. Ka raka shi wurin malamin da ya yarda da shi. Su ma malamai, in za a tambayi yaro halin gidansu, a ja shi gefe, ba a gaban aji ko a filin taron safe ba.

Kai kuma ɗan'uwa ko 'yar'uwa da kike karanta wannan kina jin kamar da ke ake, ba sai kin iya tsara magana ba kafin ki nemi taimako. Ya isa ki ce wa malamar ajinku, "Malama, ina da damuwa a gida, ina so mu yi magana." In baki ya yi nauyi, a rubuta a takarda a miƙa mata lokacin tara. Malamin ba da shawara zai riƙe sirrin abin da aka gaya masa, sai fa in ya ga rai ko lafiyar ɗalibi na cikin haɗari, a nan wajibi ne ya sanar da shugaban makaranta da wanda zai iya kare shi, kuma ɗalibi yana da damar ya nemi a fara gaya masa wanda za a sanar kafin a yi hakan.